Hura kaset ba ya gyara gem

Duk wanda ya buga Super Mario a na'urar wasan bidiyo ta NES, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Amurka a 1985, ya san al'adar: gem ya ƙi tashi, sai a zare kaset, a hura masa iska fuu, a mayar. In ya tashi, a ce ai ƙura aka kore.

Ba hurawar ce ta yi aikin ba. Bakin kaset ɗin yana da 'yan haƙoran ƙarfe 72 da dole su haɗu daidai da na cikin na'urar, kuma zarewa da mayarwar ne ke sa su zauna. Iskar baki kuwa da danshi take tafe, har da ɗigon yawu, wanda a hankali ke cinye haƙoran. Goge haƙoran da auduga da ɗan sifirit ya fi.