Alhajin Kawo da Bidiyonsa

Duk wanda Alhajin Kawo ya tura wa bidiyon nan da nake ihu ƙafata ta nutse, don Allah ya ji ta bakina tukuna.

Kun san tafiyar da muka yi Sawo Tome, ƙasar tsibirin nan da ke cikin teku kusa da Gabon, kan harkar koko. Da aka tashi taro aka ce mu leƙa dajin Obo. Ni da na saba hawa Kufena, wane tudu ne zai razana ni a tsibirin da mutanen ƙasar kakaf ba su kai na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa ba?

Mota ta ajiye mu a lambun Bom Suseso, sama da mita 1,000 daga teku. Jagoranmu saurayi ne ɗan yankin, takalmin roba har gwiwa, adda a hannu, bakinsa Fotugis, Turancin sai ana haɗawa da nuni. Muka ratsa gonakin kabeji da karas, muka faɗa daji, ga hazo, ga laka, ga saiwoyi masu santsi. Na yi haki, amma na isa da mutuncina.

Wurin sunansa Lagowa Ameliya. Wai tafki, amma ba ka ganin ruwa. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, ciyawa ta saƙe ta rufe shi ruf. Yaron ya ɗauko wata doguwar sanda ya soka a ƙasa, ta shige duka. Ya yi tsalle, ƙasa ta yi lilo da mu kamar katifa. Kowa na dariya.

Sai Alhaji ya ɗaga waya: "Malam, matsa can, hasken ya fi kyau." Na matsa. "Ƙara kaɗan." Na ƙara. "To yi tsallen."

Jama'a, ƙafar dama ta ce sai wata rana. Ta nutse har cinya, ruwan sanyi ƙalau, ta hagu na sama tana neman taimako. Na yi salati. A nan ne fa jagoran ya ga ya dace ya ba mu tarihi: wai Ameliyar wata mata ce da ta nutse a wurin, ita da dokinta. Ihun "wayyo Inna" da kuka ji, bayan wannan labarin ne. Alhaji ya yanke farkon.

Shi kuwa bawan Allahn nan, shadda ya sa da hula zanna, da takalmi sau-ciki, amma ko ɗigon laka bai taɓa shi ba. Na miƙa masa hannu, ya ce, "Tsaya Malam, kar ka motsa, bai ɗauka ba." Mutumin da na raka Kawo cikin dare ranar da motarsa ta mutu a gadar sama! Kuɗin ankon bikin ƙanensa ma har yau ni ke binsa, ban taɓa ɗaga maganar ba sai yanzu.

Jagoran ne ya miƙo sandar ya fizgo ni. Ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba. Sabon saye daga Kasuwar Barci.

Yanzu a majalisarmu ta Unguwar Rimi har mai shayi "Ameliya" yake kirana. Ƙafar hagun takalmin tana nan a but, lamba 43, in akwai mai so.