In injin ya tsaya, kwana nawa zai yi a kwance?

Jama'a, duk aikin da za a ƙaddamar a garin nan na Katsina, rijiyar burtsatse ce, taransifoma ce, ko janaretan asibiti, tambaya biyu muke yi: nawa aka kashe, kuma ƙirar wace ƙasa ce. In aka ce ɗan Jamus ne sai hankali ya kwanta, a yi tafi, a yanke zare, a watse. Ni a ganina tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce wadda ba a yi. Ranar da wannan abu ya tsaya, don tabbas zai tsaya, kwana nawa zai yi kafin ya tashi?

Wannan ba duba ba ne, lissafi ne, kuma injiniyoyi sun daɗe suna yin sa. Abu uku suke aunawa: tsawon lokacin da inji ke aiki kafin ya samu matsala, tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a tayar da shi, sai kuma na ukun da ke fitowa daga biyun, wato kashi nawa na shekara abin yake a tsaye yana amfani. Ka ɗauki kwanakin aiki, ka raba da jimillar kwanakin aiki da na kwanciya. Shi ke nan.

Mu ƙaddara unguwa biyu, a ce ɗaya a Ƙofar Marusa, ɗaya a Rafindadi. Ta farko an sa mata sumo mai tsada, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin rijiyar burtsatse, sai ya yi kwana 180 bai yi tari ba, amma in ya tsaya sai an kwana 20 ana jira. 180 cikin 200, kashi 90 cikin 100 ke nan. Ta biyu sumonta na gama-gari ne, duk kwana 60 sai ya lalace, amma yaron shagon bakin titi ya san cikinsa, kayansa na nan a kasuwa, washegari ruwa ya dawo. 60 cikin 61, sama da kashi 98. A shekara, masu injin mai tsada sun yi kusan kwana 36 suna sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa, masu araha kuwa kwana 6 kacal. To wa ya more?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin kwana 20 ɗin nan, gyaran kansa bai fi aikin wuni ɗaya ba. Ku tsaya ku kalli yadda ake yi. Mutum huɗu sun kama igiya, suna zaro bututu gaɓa-gaɓa suna jerawa a ƙasa, sumo ya fito jage-jage da laka, mai gyara ya kwance shi a kan buhu, ya karkaɗe, yashi ya zubo kamar cikin tafin hannu. Kafin la'asar an san ciwon. Sauran kwanakin fa? Kwana biyu kafin ma a yarda ya lalace, ana cewa ai hadari ne ya rufe rana, sola ba ta ba da wuta ba. Kwana huɗu ana neman lambar wanda ya haɗa shi. Mako guda ana karo-karo gida-gida, mai unguwa na rarrashi. Sai a aika Kano, a Sabon Gari a ce irin wannan ya ƙare sai an yi oda daga Legas. Duk wannan jiran yana cikin lissafi, kuma shi ne ɓangaren da muke da iko a kansa. Ba mu ne ke ƙera sumo ba, amma mu ne za mu iya ajiye kuɗin gyara a asusu da kayan canji a sito tun ranar farko.

Akwai wata doka da ta kamata kowane kansila ya haddace. In abubuwa suna jere, kowanne ya dogara da na gabansa, amincinsu ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Farantan sola, akwatin sarrafa wuta, sumo, tanki da bututu: in kowanne yana aiki kashi 95, ka ninka sau huɗu, abin da zai rage maka kashi 81 ne da 'yan kai. Kowane ɓangare lafiyayye a ido, amma kwana ɗaya cikin biyar babu ruwa. Ana danganta dokar ga Robert Lusser, injiniyan Jamus da ya yi aiki a kan makamin V-1 lokacin yaƙin duniya na biyu. Akasin haka, in ka sa biyu gefe da gefe, kowanne kashi 90, sai sun tsaya tare za a rasa, lissafi ya ba ka kashi 99. Sai dai a nan takarda kan yi ƙarya. Lissafin ya ɗauka cewa abin da zai kashe ɗaya ba zai taɓa ɗayan ba. A Katsina kuwa ƙurar hunturu ɗaya ce ke lulluɓe farantan duka, zafin Afrilu ɗaya ne ke dafa akwatunan, ruwan ƙasa in ya ja baya a bazara duka sumon biyu ne za su sha yashi, ɓarawon waya kuma ba ya barin ta biyu.

Ku dubi injinan samar da lantarki daga iska na Lambar Rimi. Guda 37 ne, kowanne kilowat 275, jimilla kusan megawat 10, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. Wanda ya zana su ya yi tunanin gyara: fiffike biyu gare su, kuma ana iya kwantar da sandar ƙasa a yi aiki ba sai an kawo babbar mota mai ɗaga kaya ba. Duk da haka aikin ya haura shekara goma yana jan ƙafa, har da sace injiniyansu Francis Collomp a Rimi a Disambar 2012. Kyan zane bai isa ba in babu tsaro, babu kayan gyara kusa, babu 'yan gida da suka ƙware.

Sannan mu daina ɗauka cewa tsufa ne kaɗai ke kashe inji. A 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin jiragen sama na United Airlines sun fitar da rahoto da ya nuna kashi 11 kawai na kayan jirgin da suka bincika ne lalacewarsu ke bin shekaru. Kashi 68 sun fi lalacewa suna sababbi, ko jim kaɗan bayan an taɓa su. Jirgi daban, sumo daban, na sani, amma duk wanda ya taɓa ganin janareta lafiyayye ya fara hayaƙi bayan an yi masa sabis ya fahimci zancen. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ranar ƙaddamarwa. A riƙe wani abu sai aikin ya tsallake hunturu ɗaya da bazara ɗaya.

Wani zai ce, Malam, mu da muke neman na tuwo ina mu ina wannan boko? Ai ba kwamfuta ake buƙata ba. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa, a ajiye wajen mai kula da rijiya: ranar da ta tsaya, abin da ya lalace, ranar da kuɗi ya haɗu, ranar da kaya suka iso, ranar da ruwa ya dawo. Bayan shekara biyu, ɗaliban injiniya na kwalejin Hassan Usman ko na jami'ar sufuri ta Daura su zagaya su tattara littattafan nan unguwa-unguwa. Daga nan ƙaramar hukuma za ta san wane irin sumo ne ke jure yashinmu, da guda nawa ya kamata a samu a sito kafin watan Maris.