Ragon Liman da Kwabar Uwargida

A Damagaram in ka ce asirans, abu ɗaya mutane ke ganewa: takardar nan da ake miƙa wa ɗan sanda a bakin hanya don ya bar ka ka wuce da motarka. Ita doka ce ta wajabta, kowa na biya yana ƙunƙuni. Amma a ce mutum da hankalinsa ya ɗauki kuɗi ya kai wa kamfanin inshora saboda katifa da firji da tele, ban san kowa ba a unguwarmu sai ni. Ko yaron da ya sayar mini ban tabbata yana da ita ba.

Daminar 2024 ce ta tura ni. Ruwan da ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, ba ruwan da mai gidan haya zai raina ba ne. Da na je sabunta takardar mota, na tarar yaron da ke biron tsohon ɗalibina ne, wanda na koya wa lissafi a firamare. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ba ni kujera, sannan ya shiga jero mini masifu da fara'a: gobara, sata, ɓarnar ruwa, fashewar gilashi. Duka jaka 45, wato sefa dubu 45, a shekara, kuma a biya kafin ta fara aiki, domin tun 2011 dokar CIMA, wadda ƙasashenmu masu sefa ke bi a harkar inshora, ta ce wanda bai biya ba ba shi da kariya. Na biya. Daga baya ne na fahimci cewa ɓarnar ruwan da ke cikin tawa takardar ba ruwan sama take nufi ba, tana nufin bututun famfo ya fashe ya jiƙa kaya. A Damagaram! Garin da famfo ke yin tari ya fitar da iska, mu koma jiran ɗan garuwa. Ranar da famfona ya kawo ruwan da zai jiƙa katifa, walima zan yi, ba kamfani zan je ba.

Uwargida ta saurari bayanina har ƙarshe, ta ce, "To Malam, na gane, adashe ne. Yaushe ne ɗaukarmu?" Na ce ba haka ba ne, sai abu ya same mu. Ta ce adashen da ba a ɗauka sai gida ya ƙone, uwar adashen ce kawai ke da riba. Daga ranar, ko kofi ya faɗi sai ta kalle ni ta ce, "Ɗaukarmu ta zo?"

Ranar jajibirin Babbar Sallah ta zo ɗin.

Limamin unguwarmu, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya sayi wani balami fari, dogo, mai kallon mutane sama-sama. Yara suka bar ƙofar gidanmu a buɗe, ragon ya tsinke igiya ya shigo, ya ƙetare tsakar gida bai kula da dusa ko ruwa ba, ya ɗaga labule ya shiga ɗakin uwargida. A nan kwabarta take, mai ƙofofin gilashi da madubi a ciki, wadda aka jera mata tun ranar da aka kawo ta. Ragon ya duba, ya ga wani rago fari, dogo, yana kallonsa sama-sama. Ƙaramar ɗiyata da ta ga abin da idonta ta ce sai da ya ja da baya har bakin gado, ya sunkuyar da kai, sannan ya taho. Ni ina zaure na ji ƙarar, na ɗauka tukunyar gas ce.

Gilashin ƙofa ya tafi, madubi ya tafi, farantan tangaran da kofunan da ba a taɓa ci ko sha a cikinsu ba sun zama tsakuwa. Ragon ko ƙwarzane babu. Ya fito yana tafiyar wanda ya gama da abokin gaba.

Bayan Magariba Liman ya yi sallama. Wannan mutumin shi ya raɗa wa yarana suna dukansu. Ya yi jaje, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sannan ya sa hannu a aljihu ya ce in faɗi abin da gyaran zai ci. Ni kuwa ga takarda a ƙarƙashin katifa, sai na ji wani irin girma ya sauko mini. Na ce, "Haba Malam, mayar da hannunka. Na yafe duniya da lahira. Akwai masu biya." Ya mayar da hannun, da saurin da har yau nake tunaninsa. Daga bayan labule na ji uwargida ta yi gyaran murya.

Washegari aka yanka mai laifin, aka banƙare shi a kan itace a bakin wuta tare da 'yan uwansa kamar yadda muke yi. Da aka zo rabo, Liman ya aiko mana da cinya guda. Mun ci, ba laifi, yana da mai.

Da aka koma aiki na ɗauki takardata, da hotunan ɓarnar a waya, da ƙiyasin mai yankan gilashi na jaka 31, na tafi. Na san doka ta ba mutum aƙalla kwana 5 na aiki ya sanar da kamfani, in sata ce kuma awa 48, don haka na shiga da ƙarfina. Uwargida ta ce in rubuta farantanta jaka 60. Na ratsa Kasuwar Dole na tambaya, irinsu sak jaka 18 ne, amma wannan labarin bai isa gida ba.

Ɗalibina ya saurare ni, ya yi ƙoƙari ƙwarai bai yi dariya ba sai da na zo wurin ja da baya. Sannan ya jawo farar takarda, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malamin makaranta, ya ce, "Mushe, bari mu yi lissafi." Ban taɓa jin zafin wannan kalma ba sai ranar.

Ya fara da farantai. Fashewar gilashi a takardata, in ji shi, tana nufin taga da ƙofa da madubi, ban da kayan cin abinci. Ya ja musu layi. Ya ce ko da suna ciki ma sai na kawo faktir, wato takardar shaidar sayen kaya. Faktir na kayan ɗakin da surukata ta tara ɗaya bayan ɗaya tun ɗiyarta na goye! Ya ƙara da cewa da tele ce ta lalace, sai sun cire kuɗin tsufa, domin abin da kaya ya kai a ranar da ya lalace suke biya, ba kuɗin sabo ba.

Saura jaka 31. Ya buɗe wani shafi mai ƙananan rubutu, ya ɗora yatsa a kan faranshiz, wato kason da ke wuyan mai kaya a kowace ɓarna kafin kamfani ya sa hannu. Nawa jaka 25 ne, ga sa hannuna a ƙasa, kyakkyawa.

"31 a cire 25, Mushe?"

Na ce masa ni na koya masa wannan, kada ya raina ni.

Jaka 6. A cikinsu zan yi fotokofi, in wanke hotuna, in biya kabu-kabu zuwa da dawowa, in kuma an turo mai duba ɓarna ba zai fita gidana bai sha fura ba. Na ce to me ya sa suke yin wannan mugunta? Ya ce buɗe dosiye da tura mutum ya duba na iya cin fiye da kuɗin gilashin, kuma in kamfani zai biya kowane kofi da ya fashe a gari, kuɗin shekara ba zai tsaya a jaka 45 ba. Abin haushin shi ne gaskiyarsa. Ba abin da ya kai a faɗa maka gaskiya ciwo, musamman in mai faɗar ka taɓa sa shi durƙuso.

Duk da haka na ce a ba ni jaka 6 ɗina, haƙƙina ne, ko don in shiga gida da wani abu a hannu. Ya ɗauki alƙalami ya ce, "Ragon na wa ne?"

Na ce na Liman.

Ya ajiye alƙalamin. Ya ce in kamfani ya biya ni, to ya gaji haƙƙina a kan wanda ya jawo ɓarnar, yana da ikon ya bi mai ragon ya karɓi abin da ya biya. Na hango takarda mai hatimi tana isa zauren Liman, da sunana a sama, ana karanta masa ita a gaban almajirai. Na hango kaina a sahun gaba da Asuba. Na ce ai wannan ba za ta taso ba, domin na riga na yafe masa duniya da lahira.

Yaron ya dafe kai. "Mushe, lahira taka ce, amma duniyar da ka yafe ta kamfani ce." Ashe in mai inshora da kansa ya toshe wa kamfani hanyar bin mai laifi, kamfanin na iya zame wuyansa daga biyan, wani ɓangare ko duka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Don ya sanyaya mini rai, ya ce da ragon na mahaifina ne, ko na surukina, ko na wani da ke zaune a gidana, doka ta hana kamfani ya bi su, sai in da gangan suka yi. Na yi shiru. Surukina na da raguna. Na ce, "To in aka duba da kyau, ragon nan yana kama da na surukina." Ya tambaye ni ina surukin yake. Na ce Mirya. Ya ce wato rago ya tako tun daga Mirya ranar jajibiri, ya wuce gidajen Damagaram duka, don ya fasa kwabar ɗiyar mai shi? Ya tuna mini cewa ƙarya a wurin sanar da ɓarna tana iya sa mutum ya rasa komai, ya kuma nuna mini wani sakin layi da ya ba kamfani damar soke yarjejeniyar bayan an kai masa ɓarna. Mai yawan zuwa da ƙananan koke, in ji shi, sunansa na zama a dosiye, kuma ana dubawa ranar sabuntawa.

"Mushe, wannan takardar ta ranar da za ka wayi gari ba ka da ko tabarma ce, Allah ya kiyaye. Abin da bai ninka faranshiz ɗinka ba sosai, ka gyara abinka ka yi shiru. Ka ajiye jaka 25 a gefe saboda irin wannan."

Na naɗe takarduna. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da kabu-kabu, ya biya. Wannan ne kaɗai kuɗin da ya taɓa fitowa daga wajen asirans zuwa gare ni.

A gida na yi bayani dalla-dalla, da faranshiz da komai. Uwargida ba ta ce uffan ba sai da na zo kan shawarar ajiye kuɗi a gefe. Nan fuskarta ta washe. Ta ce yaron nan ya yi karatu, kuma gefen da ake magana ita ce. Na biya mai gilashi jaka 31, na biya farantai a farashinta, ba na Kasuwar Dole ba, sannan aka yanka mini jaka 3 duk wata da zan riƙa zubawa a wani gwangwanin madara da ban san inda yake kwana ba.

Kwanan baya wayata ta faɗo daga aljihu a wurin alwala, fuskarta ta tsage. Mai gyara ya ce jaka 12. Na je na yi sallama a ƙofar ɗaki da ladabi, na gabatar da kokena. Ta karɓi wayar, ta juya ta gaba da baya, ta tambaye ni ko akwai wanda ya ga faɗuwar. Sannan ta miƙo mini abina ta ce, "Malam, ina faktir?"