Babur ɗin ruwan Kawu da batirin da aka yi wa ƙazafi

Da Kawu ya ajiye aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kowa a gidanmu ya sa ran zai dawo da injin ban-ruwa ko na niƙa. Sai ga mota ta sauke babur marar taya, Yamaha, na hannu, wai a kan ruwa ake hawansa. Garinmu yana bakin madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, kuma a ɓangarenmu ba abin da ke yawo a kanta sai kwalekwalen masunta. Da yake ni ke acaɓa da Bajaj, nan take aka naɗa ni direba kuma injiniya, ba wanda ya tambaye ni ko na iya iyo.

Abin yana gudu, wannan ba gardama. Matsalarsa ɗaya: idan aka kai batirin wurin mai caji ya cika, sai mu sha yawo lafiya, amma da an kashe an kunna, an kashe an kunna, sai ka danna maɓalli ya ce "ƙat", ya yi shiru. Ranar da ya yi mini haka muna tsakiyar ruwa, ƙafata ta shiga laluben kik. Babu kik, babu igiyar ja. Kawu daga bayana ya ce, "Kai ɗan nan, sauka ka tura mana." Na leƙa ruwan, na dubi Kawu, na ce tura irin wannan sai dai magada su ji labari. Wani dattijon masunci ne ya ɗaure mu a kwalekwalensa ya ja mu da filafili, yana tafe yana tambayar Kawu nawa ya sayi jirgin.

Daga nan likitoci suka yi yawa. Kawu ya ce mai batir ne ya cuce shi, ya je Kano ya sayo sabo, shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Goggo ta ce mutanen ruwa ne ke shanye wutar don mun hana su barcin rana, ta turara wa babur ɗin habbatussauda. Limaminmu dai cewa ya yi a nemo mai gyara.

Na ɗauko rewaya daga Rano, gwanin wayar mota da ta babur, amma tsoron ruwa gare shi ba na wasa ba. Ya ce a tayar masa a tudu. Kawu ya ce ba zai yiwu ba, injin da ruwan da yake zuƙa yake sanyaya kansa, kuma a gefen gaɓa yashi zai haɗiya. Haka muka ɗaure babur ɗin a jikin bishiya, rewaya ya shiga ruwa har ƙugu, ya ɗaga mitarsa sama da kai, yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Ya ɗora mita a kan batir, inji a kashe, ta nuna 12.6. Ya ce, "Alhaji, wannan batirin ƙalau yake, ku nemi gafararsa." Ya sa na tayar, na ba shi wuta. Ya ce in da caji na shiga, lambar za ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. Tamu kuwa sauka take, 12.3, 12.2. Kawu ya ce a yi masa da Hausa. Rewaya ya ce, "Ranka ya daɗe, batir randa ce, koyil ɗin cikin inji shi ne rijiya, raktifaya kuma ɗan ga-ruwa. Kuna ta sauya randa, alhali ɗan ga-ruwan ne bai zuwa."

Ya duba fiyus, lafiya. Ya kankare kan batir da soket ɗin da danshi ya sa suka yi kore, lamba ba ta motsa ba. Sai ya zare wayoyi ukun da suka fito daga koyil, ya juya mita zuwa wutar da ba a tace ba, wato wadda ba ta bi ta raktifaya ba tukuna, ya gwada su bibbiyu. Duk suka ba da daidai da juna, suna hawa in na ƙara wuta. Ana cikin haka wani abu ya goge shi a ƙwauri, ya yi kururuwar kada, ya ɗare kan kujera ya ƙanƙame Kawu. Ledar fiya-wata ce.

Da numfashinsa ya dawo, ya kwance raktifayar, ya sunsuna, ya miƙa mini. Ƙauri kawai take. Ya ce irin wannan ƙonewar takan faru daga haɗa batir a juye, ja a wurin baƙi, ko da na ƙiftawar ido ne. Ya tambaya ko an taɓa yin haka. Ban ce komai ba, don ina tsaye ranar da aka sauke babur ɗin, lokacin da wani dattijo ya ƙi sa tabaransa, ya jona shi da batirin tarakta har tartsatsi ya tashi. Kawu ya tsura wa ƙauyen tsallake ido, can ya ce ai maganar Goggo ma abin dubawa ce.

Na kawo shawarar a sa ta Bajaj ɗina. Rewaya ya ce ba za ta ɗauka ba, wannan wayoyi uku take karɓa, kuma wutar ta fi ƙarfin tawa. Sai dai a aika Legas. Ya karɓi kuɗinsa, ya ƙara da kuɗin jiƙa wando.

Saƙon bai iso ba har yanzu. Babur ɗin na zaure, Goggo ta shimfiɗa masa zani, yara na biyan naira hamsin su hau a ɗauke su hoto. Ta ce ko raktifayar ta zo, sai an yi ciniki da ita kafin a fitar da shi.