Lambar yabo kaɗai ba ta isa ba

Wannan labari da kuka kawo cewa ana karrama ɗaliban digiri na biyu da na uku masu karatun halayyar ɗan Adam a Amurka saboda aikinsu kan ƙabilu da al'adu daban-daban, ni dai wallahi ya min daɗi, kuma malam da ka rubuta a sama cewa wai duk siyasa ce, ka yi haƙuri ban yarda da kai ba sam. Ka tuna Mamie Clark, wata baƙar fata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, tana ɗaliba a jami'ar Howard ta fara binciken yadda yaran baƙar fata ke kallon kansu, shi ne daga baya ita da mijinta Kenneth suka riƙa ajiye wa yara 'yar tsana fara da baƙa, yawancinsu sai su ɗauki farar su ce ita ce mai kyau, abin tausayi. Wannan aikin har kotun ƙoli ta ambace shi a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantu saboda launin fata. Ita kanta ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wato APA, da aka kafa tun 1892, sai a 2021 ta fito ta nemi afuwa kan hannun da take da shi a wariyar. To abin da ke damuna, bayan an tafa wa ɗaliban da ake karramawa an ɗau hoto, wa zai ba su kuɗin ci gaba da binciken, kuma jami'o'in za su ɗauke su aiki kuwa?