Usur ba ya kama ɓarawo: kafin ɗan kasuwar Gombe ya sayi EDR

Kwanakin baya wani dattijo da nake ganin girmansa, mai sayar da magunguna a sari a cikin garin Gombe, ya aiko a kira ni shagonsa. Bayan mun gaisa ya jawo durowa ya miƙo mini wata takarda mai sheƙi da wani matashi ya bar masa. A samanta an rubuta haruffa uku manya-manya: EDR, wato Endpoint Detection and Response, manhajar gano kutse a kwamfuta da mayar da martani. Matashin ya tabbatar masa cewa in dai aka saka wannan manhaja a kwamfutocinsa bakwai, to shi da masu kutse sai dai ya ji a bakin wasu. Kuɗin kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk shekara ne, a kan kowace kwamfuta, kuma da dala ake lissafinsa.

"Malam, kai ne ka san kan waɗannan abubuwa. In saya ko in bari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in abin nan ya yi ƙara da ƙarfe biyun dare, wa zai tashi?"

Ya ɗan yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "Au, ƙara ma yake yi?"

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya tasa, domin a cikinta matsalar take gaba ɗaya. Ana tallata wa 'yan kasuwarmu EDR kamar kwaɗo ne da za a danna a ƙofa a tafi gida a yi barci. Alhali ta fi kama da usur a bakin maigadi.

Bari in fara da ba ta haƙƙinta, don ba shirme ba ce. Tsohuwar manhajar kashe bayiros da muka saba da ita tana aiki ne kamar maigadin da aka ba hotunan ɓarayin da aka riga aka sani. Duk wanda fuskarsa ke cikin hotunan, ya tare shi. Wanda babu, ya wuce. Masu kutsen yanzu kuwa sun daɗe da gane wannan. Wani ba ya ma shigowa da wata baƙuwar manhaja. Kalmar sirrin akawunku ya sace ta imel ɗin yaudara, ya shigo ta ƙofar gida da makullin gida, ya yi amfani da kayan da ke cikin Windows tun asali, irin su PowerShell. Maigadi mai hotuna ba shi da abin cewa a nan.

EDR ba fuska take dubawa ba, hali take dubawa. Ana dasa wata 'yar manhaja a kowace kwamfutar ma'aikata, ta zauna tana rubuta duk motsin da aka yi: wace manhaja ce ta tayar da wace, wane fayil aka taɓa, wace kwamfuta ce a waje aka yi magana da ita. Tana tura wannan zuwa cibiya guda, inda ake haɗa labarin. In takardar Word da aka buɗe ta tayar da PowerShell, wannan ba halin takarda ba ne. In fayiloli ɗaruruwa suka canza suna cikin minti ɗaya, alama ce ta masu garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle maka komai su ce sai ka biya kuɗin fansa. In asusun mai karɓar kuɗi ya shiga aiki ƙarfe ukun dare alhali yarinyar tana barci a Tumfure, akwai magana. Daga nan ana iya yanke wannan kwamfuta daga sauran, a kashe abin da ke gudana, a bi sawu a ga ta ina aka shigo. Wani masani a kamfanin Gartner, Anton Chuvakin, shi ya raɗa wa wannan nau'i suna a 2013, kuma yau manyan sunayen kasuwar sun haɗa da CrowdStrike da SentinelOne da Sophos da Microsoft Defender.

To ina gizo ke saƙar? A harafin ƙarshe. Ganowa aikin na'ura ne, amma martani, a mafi yawan lokuta, aikin mutum ne.

A ƙarshen 2013 aka yi wa Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, kutsen da aka kwashe bayanan katin banki kimanin miliyan 40. Ɓarayin sun shigo ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula musu da na'urorin sanyaya ɗaki. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne kamfanin yana da manhajar gano kutse ta FireEye, 'yar gida ɗaya da EDR, kuma ta yi aikinta. Ta yi ƙara. Ma'aikatan da ke sa ido daga Bangalo ta Indiya sun gani, sun sanar da hedikwata a Amurka. Aka bar maganar ta kwanta. Cikin 'yan watanni shugaban kamfanin ya sauka daga kujerarsa. Kamfanin da ke da sashen tsaro sukutum ke nan ya ji usur bai fito ba. Ina ga shagon da "mai kula da kwamfuta" a cikinsa shi ne ɗan ƙanin maigida, wanda kuma shi ake aika banki, shi ke tayar da janareta?

Mai talla zai ce ai na zamani suna ɗaukar mataki da kansu. Gaskiya ne, har zuwa wani wuri. Amma na'ura tana kuskure. Ranar da ta ga manhajar lissafin shago ta yi wani motsi da ba ta gane ba, ta yanke kwamfutar kanta daga sauran ana tsakiyar ciniki, dilolin Kumo da Bajoga sun yi layi suna jiran rasit, me kake tsammani zai faru? Yaron shago zai nemo yadda ake kashe ta, ya kashe, kuma ba zai sake kunnawa ba. Za a ci gaba da biyan dala duk shekara a kan maigadin da aka ɗaure wa baki. Ga kuma namu na gida: manhajar tana son intanet a kai a kai don ta kai rahoto. Kwamfutar da data ta ƙare mata tun Talata, ko wadda ke mutuwa duk lokacin da JED ta ɗauke wuta, a allon cibiya shiru kawai za a gani, kuma shiru ba lafiya ba ne.

Akwai wani abu da masu talla ba sa son a tayar. Don EDR ta ga komai, sai an ba ta izinin shiga can cikin ƙashin bayan Windows. Wanda ka ba makullin ɗakin ajiya don ya tsare maka, in ya yi tuntuɓe da kansa, ɓarnar ta fi ta ɓarawo. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura wa manhajarsa sabuntawa mai aibi, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka sume a lissafin Microsoft. Filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna suka tsaya cak, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi dubbai. Babu ɗan kutse ko ɗaya a ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da yawan kwamfutocin sai da mutum ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya gyara da hannu. Wannan bai sa na ce a guji EDR ba, amma ya isa ya sa a daina kiranta kwaɗo.

Da na leƙa kwamfutocin Alhaji a ranar, ga abin da na tarar. Biyu suna kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Janairun 2020. Sauran suna kan Windows 10, wadda ita ma wa'adin gyaranta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Ko ɗaya babu mai lasisi na gaskiya, duk wani mai gyara ne ya zuba su daga filas ɗinsa, har ya kashe sabuntawa "don kada ta cinye data." Kalmar sirri guda ce ga kowa, an rubuta ta da biro a jikin kalandar da ke rataye bayan kanta. Muna tsaye wani yaro ya dawo daga wurin buga takardu, ya zare filas daga aljihu ya soka a kwamfutar da ke riƙe da bayanan bashin da ake bin kwastomomi. A irin wannan gida, sayen EDR kamar ɗaukar maigadi ne a gidan da ba katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa bangon ne ma babu.

Tarihi ya nuna cewa ƙananan abubuwan nan su ne manya. WannaCry, wata manhajar garkuwa da bayanai da ta bazu a Mayun 2017 ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ta sa asibitocin Ingila mayar da marasa lafiya gida, ta bi ne ta wata kafa da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun tsira kyauta.

A Yunin wannan shekarar wata muguwar manhaja, NotPetya, ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, asarar da ta kai wajen dala miliyan 300. Duk sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da kalmomin sirrinsu sun tafi, sai guda ɗaya tak a ofishinsu na Gana. Me ya cece ta? An ɗauke wuta, ta mutu kafin cutar ta iso. Aka ɗauko faifan, aka kawo shi Najeriya, aka miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgi ya wuce da shi Landan, da shi aka sake gina kamfanin. Nakan yi dariya in na tuna cewa ɗauke wuta ma ta taɓa yin rana. Darasin dai a fili yake: kwafin bayanan da ba ya haɗe da komai, wanda ke kwance a durowa ko a gida, shi ne abin da mai garkuwa ba zai iya kullewa ba. Faifan ajiya na waje bai kai kuɗin EDR na kwamfuta bakwai a shekara ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai waɗanda a Gombe ya kamata a ce sun riga sun mallake ta: ƙananan bankuna, asibitoci masu zaman kansu da ke ajiye tarihin marasa lafiya, ɗakunan gwaje-gwaje, cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, manyan dilolin POS, makarantun da ke karɓar kuɗi ta intanet, da ma'aikatun gwamnati masu biyan albashi. Waɗannan amanar mutane ce a hannunsu, kuma doka ta hau kansu. Tun a 2019, lokacin da ɗan jihar nan Farfesa Isa Ali Pantami ke shugabantar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, aka fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a. A Yunin 2023 ta zama cikakkiyar doka, tare da hukumarta, NDPC. Dokar ta ce in aka yi maka kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, ka sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. To yaya za ka ba da rahoton abin da ba ka san ya faru ba? Me za ka ce an ɗauka, yaushe, ta ina? A nan rajistar da EDR ke ajiyewa take da daraja ko da ba ta hana satar ba.

Amma su ma, sharaɗin bai canza ba. Ko dai su ɗauki mutum wanda aikinsa ke nan, ko su sayi manhajar tare da masu gadinta, wato kamfanin da ke zaune dare da rana yana kallon allon a madadinsu. Wannan tsari na biyu shi ya fi dacewa da mu, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Tudun Hatsi ba kowane mai rumbu ke ɗaukar maigadinsa ba; haɗa kuɗi ake yi a biya 'yan sintiri su zagaya duka layin. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar masu magunguna ko ta masu asibitoci yin haka da kwamfutocinsu ba. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna yaye matasa masu ilimin kwamfuta duk shekara, da yawansu suna zaune suna jiran aikin gwamnati. Akwai ma manhajoji na kyauta irin su Wazuh da matashi mai naci zai iya koya ya kafa. Kyautar tata dai a lasisi ta tsaya. Lokacin wanda zai zauna ya karanta abin da take faɗa, wannan dole a biya shi, kuma a biya shi da kyau, don wanda ke kallon allon nan ya san sirrin kasuwancinka fiye da akawunka. Shi ya sa zaɓensa ya fi zaɓen manhajar wuya.

Da matashin mai talla ya dawo, Alhaji ya sa aka sake kirana. Na ce masa ya yi tambaya uku kawai: wa ke kallon ƙararrawar da dare da ranar Juma'a da ranar Sallah, cikin minti nawa zai kira, kuma shin an rubuta wannan a takardar yarjejeniya? Matashin, yaro ne mai ladabi, ya sosa ƙeya ya ce shi dai lasisi yake sayarwa, amma zai tambayo ogansa a Abuja.

Alhaji ya ninke takardar mai sheƙi ya mayar durowa. Ya ce a fara da sayo Windows na gaskiya, a raba wa kowa kalmar sirrinsa, a sayo faifai biyu, ɗaya ya riƙa kwana a gida. Sannan ya juya ga ɗan ƙaninsa ya nuna kalandar da ke bango.

"Kai, cire wannan ka ƙona ta."