Kafin a sayi akuyar madara, a fara lissafa harawa

A tsakanin 'yan arewacin Kamaru da ke zaune a Faransa, da wuya a yi doguwar hira ba a taɓo maganar komawa gida a kafa 'yar gona ba, kuma a 'yan shekarun nan awakin madara sun shiga wannan buri sosai. Ni ma ina cikin masu wannan niyya, domin danginmu suna da fili a wajen Garwa, ta hanyar Pitowa, wanda muke so ya zama gidan gona na iyali, mai rijiya da garka da 'yan dabbobi. Sai dai zamana a yankin Deux-Sèvres, wanda yake kan gaba a kiwon awakin madara a Faransa, ya sa ra'ayina ya bambanta da na yawancin 'yan'uwana. Su suna fara shirinsu ne da tambayar inda za a samo farar akuyar Turawa, ni kuwa ina ganin wannan ita ce tambaya ta ƙarshe.

Ba abin mamaki ba ne idan ido ya ruɗu. Irin awakin da suka fi yawa a nan su ne Alpine da Saanen, wadda asalinta daga Suwizalan yake, kuma akuya ɗaya tana iya ba da kimanin lita 3 a rana har tsawon wata goma. Wanda ya saba da akuyarmu mai dogayen ƙafafu, wadda da wuya ta cika lita ɗaya a yini kuma nononta ya ƙafe bayan 'yan watanni, dole ya yi sha'awa. Amma wanda ya tsaya a ɗakin tatsa da asuba zai ga daga ina madarar take fitowa. Awakin suna hawa dandamali a jere, kowacce da lamba a kunne, kowacce ta tarar da rabonta na hatsi da aka auna, a goge mata hantsa, a maƙala injin tatsa, madarar ta bi bututu ta zuba a tankin sanyi. A bayan ɗakin kuma akwai rumbun busasshiyar ciyawa da aka yanka tun bazararsu, wadda za ta kai garken har shekara ta zagayo. Akuyar da nauyinta ya haura kilo 60 tana cin abin da ya kusa kilo 3 na busasshen abinci kullum, kuma idan ya ragu, madarar tana raguwa a cikin kwanaki kaɗan.

Yanzu a ɗauki wannan dabba a kai ta Garwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ciyawa ta ƙone ƙurmus, kaska da tsutsar ciki suna jiran damina. Saanen ba ta jure zafin rana, cin abincinta yana raguwa idan ta galabaita, kuma cututtukan da akuyar gida ta saba da su suna iya kayar da ita nan da nan. Kuɗin da aka tara da gumi a ƙasar waje sai ya tafi a kan dabba ɗaya ko biyu da ba za su ga damina ta biyu ba.

Abin da na yi imani ya cancanci a ɗauko daga makiyayan Faransa shi ne lissafi, kuma lissafin ba ya bukatar injin komai. Akuyarmu mai kilo 30 tana bukatar kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, mai shayarwa kuwa fiye da haka. Rani a yankin kogin Binuwai, inda Garwa take, yana ɗaukar wata shida zuwa bakwai, a Marwa ma ya fi tsawo. Ke nan awaki biyar kacal za su ci kimanin tan ɗaya kafin ruwa ya sauka. Duk wanda ya taɓa ɗora damin harawa a kan rumfa ya san yadda take da girma a ido amma ba nauyi a hannu, kuma ya san yadda ganyen yake kakkaɓewa idan an bar ta ta bushe fiye da kima a gona, a bar mutum da kara zalla. Saboda haka tsarin filin zai fara ne daga inda za a shuka wake da gyaɗa domin harawa, da rumfar da za ta kare ta daga rana da gara, da itatuwan gawo waɗanda suke fitar da ganye da 'ya'ya a tsakiyar rani lokacin da sauran itatuwa suka zubar. Muna da wata dama da ya kamata a yi amfani da ita, wato tunkuzar angurya da ake samu daga masana'antar man auduga ta SODECOTON, wadda kaɗan daga cikinta tare da dusa yake ƙara wa mai shayarwa nono. Yawan abincin da aka iya tanada shi ne zai faɗi yawan awakin da za a saya.

Game da iri, ina ganin alheri yana kusa da mu. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka sani da yawan haihuwar tagwaye da kyawun fata, har an kafa mata cibiyar kiwo a Maraɗi tun 1963, da kuma doguwar akuyar Sahel da ake kawowa daga Cadi, duka sun san zafinmu. Abin da muka rasa shi ne zaɓe. A gidajenmu bunsuru mafi kyau shi ake fara sayarwa ko yankawa idan suna ya taso, a bar ƙanana su yi ta barbara ba tsari. Da za a ajiye littafi a rubuta abin da kowace akuya take bayarwa da kofin awo ɗaya, a riƙe 'ya'yan waɗanda suka fi nono, a riƙa sauya bunsuru domin kada ya hau 'ya'yansa, da an ga bambanci a cikin 'yan shekaru, tun da cikin akuya wata biyar ne kawai.

Rigakafi kuwa ba abin jinkiri ba ne. Annobar ƙananan dabbobi da ake kira PPR, wadda aka fara gano ta a Kwaddibuwa a 1942, tana iya share garke a cikin makonni, kuma cibiyar LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa tana haɗa allurarta. Sabuwar akuya daga kasuwa a ɗaure ta a turke daban na wasu makonni kafin ta shiga cikin sauran. Madarar kuma a tafasa ta kafin a ba yara.

Akwai wani bambanci da masu buri daga nesa suke mantawa. Makiyayin Faransa yana tatsa ne domin motar kamfani za ta zo ta kwashe, a yi cukun da mutanen ƙasar suke saye da tsada. A Garwa kasuwar nono ta saniya ce, a hannun matan Fulani, sai kuma madarar gari ta gwangwani, kuma mutane da yawa ba su saba sayen nonon akuya ba. Don haka amfanin farko na awakin shi ne kofin madara ga yaran gida da tsofaffi, sai 'yan awakin da za a sayar idan bukata ta taso, sai takin da zai koma garka. Ba ma sai an raba uwa da ɗanta tun ranar haihuwa kamar yadda ake yi a nan ba. Ya isa a ware 'ya'yan da daddare, a tatsa da safe, a sake su su yini tare.

Sannan awaki a gidan Bahaushe dukiyar mata ce, su suke sanin wadda ta ƙi cin dusa da wadda hantsarta ta kumbura. A namu shirin na roƙi a bar wa Inna da matar yayana zaɓen awakin farko da riƙon littafin, ni kuma abin da zan aika daga nan ya tafi ga rijiya da rumfar harawa a wannan shekara, sayen dabbobi ya jira sai bayan kaka.